Tambayi Likita: Idan Riƙe Bayan Gida Ya Gagara

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duka a kan matsala ɗaya suke, wato kuɓucewar bayan gida ba da son mutum ba, kuma dukkan masu su sun roƙi a sakaya sunayensu. Mun haɗa su wuri guda ne saboda ko da yake kokensu ya yi kama da juna, dalilin kowannensu daban ne, har ma maganin da zai taimaki mai tambaya ta farko shi ne ya ƙara wa mahaifin mai tambaya na biyu wahala.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce 'yar shekara 52, na haifi 'ya'ya shida. A haihuwar fari na sha doguwar naƙuda, na ƙaru sosai, aka yi mini ɗinki. Shekaru masu yawa ban ga wata matsala ba, sai a 'yan shekarun nan na lura cewa idan bayan gida ya matso ni ba na iya riƙe shi ko na minti biyu, wani lokaci kafin in kai ban-ɗaki ya riga ya ɓata mini tufafi. Iska ma takan kuɓuce mini a cikin mutane. Na daina shiga taro, ba na yarda in yi tafiya mai nisa, kuma ko maigidana ban faɗa wa ba. Shin tsufa ne, ko kuwa akwai magani?

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Shekaru suna da hannu a cikin lamarin, amma ba su ne tushensa ba, kuma wannan lalura tana daga cikin waɗanda ke karɓar magani. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a shekarar 2009, ya gano cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manyan da ke zaune a gidajensu sun gamu da wannan matsala a cikin watan da ya gabaci binciken, maza da mata kusan daidai. Akasarin masu ita ba sa kai kuka asibiti, shi ya sa kowa yake zaton shi kaɗai ne.

Riƙe bayan gida aiki ne na haɗin gwiwa. A ƙarshen babban hanji akwai wani sashe da ke buɗewa ya ajiye bayan gida har zuwa lokacin da ya dace, a ƙasansa kuma akwai zoben tsoka guda biyu da suka kewaye dubura. Na ciki yana matse da kansa dare da rana ba tare da umarninki ba, shi ne ke hana ɗigowa lokacin da kike barci ko kike harkokinki. Na waje kuwa shi ne wanda kike matsewa da gangan idan abin ya taso kina nesa da ban-ɗaki. Akwai kuma tsokokin ƙasan ƙugu da ke tallafe da su, da jijiyoyin da suka fito daga ƙarshen laka suna kai saƙo tsakaninsu da ƙwaƙwalwa. Bayanin da kika yi, cewa kina jin zuwansa sarai amma ba kya iya jinkirta shi, ya fi nuni ga raunin zoben waje, kuma ƙari mai zurfi, wato yagewar da mace ke samu wajen haihuwa, wanda likitoci ke kira mataki na 3 ko na 4, yana kan gaba a cikin dalilan hakan ga mata. Abin da ke rikita mutane shi ne tazarar shekarun. Mace mai ƙuruciya takan cike giɓin da sauran tsokokinta masu ƙarfi, ta yi shekara 20 ko fiye ba ta san akwai rauni ba, sai haihuwa ta yi ta maimaituwa, al'ada ta ɗauke, tsoka ta fara saki, sannan tsohon raunin ya bayyana.

Kafin a zo kan tsokar, da kaurin bayan gidan ake farawa. Tsoka mai rauni tana iya riƙe bayan gida mai kauri wanda ya haɗe jikinsa, amma mai ruwa-ruwa ko lafiyayyar tsoka yana ba ta wahala. Likitoci suna amfani da wani ma'auni da aka tsara a birnin Biristol na Ingila, aka wallafa a 1997, wanda ya raba bayan gida zuwa nau'i 7, daga na 1 mai tauri ƙwaya-ƙwaya har zuwa na 7 wanda ruwa ne zalla. Abin da ake nema shi ne na 3 ko na 4, mai laushi, a haɗe, yana fita ba tare da nishi ba. Ki sami ƙaramin littafi, na tsawon mako biyu ki riƙa rubuta abin da kika ci da abin da kika sha, da lokacin da kika zagaya, da yanayinsa, da duk lokacin da ya kuɓuce. Yawancin waɗanda suka yi wannan sukan gano mai laifin da kansu: kofi da shayi mai kauri da lemon kwalba masu sinadarin caffeine mai hana barci, barkono mai yawa, abinci mai maiƙo, madara ga wadda hanjinta ba ya narkar da ita, ko alawa da cingam marasa suga waɗanda aka zaƙaƙa da sinadarin sobitol. Ki riƙa cire abu ɗaya-ɗaya kina lura, domin idan kika cire su gaba ɗaya ba za ki san wanne ne ba.

A nan dole in ja kunne kan wata dabara da masu wannan lalura suke yi a ɓoye, wato ƙin ci da ƙin sha duk ranar da za su fita. Wannan ba ya haifar da komai sai rama da jiri da maƙarƙashiya, kuma maƙarƙashiya kanta hanya ce ta ɗigowa, kamar yadda za ki gani a amsa ta gaba.

Idan bayan gidan yana yawan sakewa, akwai garin ɓawon irin wani tsiro, wanda za ki gani a kantin magani da sunan psyllium ko ispaghula, yana tsotse ruwa ya haɗe bayan gida. Ana farawa da kaɗan a cikin cikakken kofin ruwa, a riƙa ƙarawa a hankali saboda kumburin ciki. Akwai kuma loperamide, ƙwayar tsayar da gudawa mai nauyin miligiram 2, wadda ke rage gudun hanji ta kuma ɗan ƙara matsin zoben ciki. Likita zai iya tsara miki shan mafi ƙarancinta kamar rabin awa kafin cin abinci ko kafin fita. Ba a shan ta idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida.

Sai motsa tsokar, irin wanda wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Ki zauna a kan kujera, gwiwoyi a ɗan ware, ki matse dubura kamar kina hana iska fita, ki ja ta sama zuwa ciki. Kada ki riƙe numfashi, kada ki ɗaure ɗuwawu ko cinyoyi; idan wanda ke kusa da ke zai iya gane kina yi, to ba tsokar da ake nema kike matsawa ba. Ki riƙe na daƙiƙa 5, ki saki ki huta kamar haka, ki maimaita sau 10, sannan ki yi matsi 10 masu sauri. Ana yin wannan sau 3 a rana, ana ƙara tsawon riƙon har ya kai daƙiƙa 10, daga baya a koma yi a tsaye. Sai an yi kamar wata 3 ba fashi kafin a ga canji, kuma a nan ne yawancin mutane suke karaya. Ki haɗa da koyon jinkiri: idan abin ya taso, gudu yana ƙara matsa shi ƙasa ne, don haka ki tsaya cak ko ki zauna, ki matse, ki yi numfashi a hankali har matsuwar ta lafa, sannan ki taka a natse. Wurin da ya fi dacewa a fara wannan gwaji shi ne cikin ban-ɗakin kansa, inda ko ya kuɓuce babu asara, a fara da jinkirin minti 1 a riƙa ƙarawa.

Duk da haka sai kin ga likita, kuma ki faɗa masa kai tsaye kamar yadda kika rubuto mana, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai duba wurin da yatsa ya ji ƙarfin matsin, ya duba ko ƙarshen hanji yana zazzagowa, kuma idan da hali a ɗauki hoton zoben tsokar da ƙaramar na'urar sikanin ta dubura a ga inda ya yage. Masu aikin fisiyo, wato ƙwararrun gashi da motsa jiki na asibiti, suna da na'urar da ke nuna miki ƙarfin matsinki a allo don ki koyi kama tsokar daidai. Idan yagewar babba ce ana iya ɗinke ta da tiyata, sai dai gaskiyar magana amfanin wannan ɗinki yakan ragu bayan wasu shekaru. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fata tana zaburar da jijiyoyin ƙarshen laka, wadda likitoci a Jamus suka fara ba da rahoton amfaninta ga wannan lalura a 1995, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, ko da yake ba kowane asibiti ke yin ta ba. Abu ɗaya da zan so ki lura da shi kafin ki je: idan iska ko bayan gida ta gaba suke fitowa, wannan ɓula ce tsakanin hanji da farji, wato yoyon bayan gida, kuma tiyata ce ke gyara ta, motsa tsoka ba zai rufe ta ba.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, mahaifina ɗan shekara 80 ne, ya sami shanyewar ɓarin jiki, yawanci a kwance yake. Kwanan nan ya fara gudawa mai ruwa da ke ɗigowa dare da rana, shi kansa ba ya sanin ta fito. Na saya masa maganin tsayar da gudawa, amma abin sai ƙaruwa yake, cikinsa ya kumbura, ya daina son abinci. Wane magani ne ya fi ƙarfi?

AMSA

Malam, Allah ya saka maka da alheri kan hidimar mahaifinka, amma ka dakatar da wannan magani yau ɗin nan. Alamun da ka lissafa sun fi kama da matsananciyar maƙarƙashiya fiye da gudawa. Dattijon da ba ya motsi, ba ya shan isasshen ruwa, musamman idan yana shan magungunan ciwo irin su codeine da tramadol ko ƙwayar ƙarin jini, bayan gida yakan taru ya daskare a ƙarshen hanjinsa ya zama dunƙule. Kamar magudanar ruwa ce da shara ta toshe, ruwan da ke biyowa baya sai ya riƙa silalowa ta gefen toshewar. Dunƙulen kuma yana buɗe hanjin har ya daina jin cika, ya sa zoben ciki ya saki, shi ya sa mahaifinka ba ya sanin lokacin da abin ya fito. Duk ƙwayar tsayar da gudawa da ka ba shi tana ƙara daskarar da dunƙulen ne.

Ka tuna yaushe rabonsa da yin cikakken bayan gida mai kauri, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi maka. Gwajin yatsa kaɗai yakan isa a tabbatar, sannan a fitar da toshewar da maganin matsi ta dubura, ko ruwan wankin hanji, ko garin macrogol da ake damawa a sha, wani lokaci ma sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu. Kada ka gwada cirewa da kanka. Idan kuwa ya fara amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko iska ta daina fita kwata-kwata, a kai shi sashen gaggawa nan take, saboda hanjin zai iya toshewa gaba ɗaya.

Bayan an fitar da shi, aikin da ya rage naka ne, wato hana shi sake taruwa. Hanji yakan motsa da kansa bayan cin abinci, musamman na safe, don haka kamar minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo a riƙa ɗora shi a kan kujerar bayan gida kullum a lokaci ɗaya, ko bai nema ba. A sa masa ɗan abin taka ƙafa yadda gwiwoyinsa za su ɗara ƙugunsa tsayi, ya ɗan sunkuya gaba, a rufe masa ƙofa ko a ja labule, domin dattijo da yawa sukan riƙe ne don kunyar idon 'ya'yansu. Zama ya fi kwanciya a kan fo nesa ba kusa ba. A kula da ruwan sha, a ƙara masa ganyaye da 'ya'yan itatuwa a hankali, a kuma nuna wa likita dukkan magungunan da yake sha.

Fatarsa ma tana bukatar kulawa, domin bayan gida mai ruwa yana cin fata cikin sa'o'i kaɗan, kuma ga wanda ke kwance hanyar gyambo ke nan. Da zarar ya ɓaci a wanke da ruwa mai ɗumi ba tare da sabulu mai ƙamshi ba, a tsane da tattausan ƙyalle ta hanyar dannawa maimakon gogawa, a shafa man kare fata mai ɗauke da sinadarin zinc, sannan a sa masa kunzugun manya mai tsotsewa.

TAMBAYA TA UKU

Likita, ɗana shekararsa 7, kusan kullum sai na ga wandonsa a ɓace, wani lokaci ya ɓoye shi a bayan gado. Na yi faɗa, na yi duka, ya ce shi bai ji fitarsa ba. Anya ba ƙiwuya ba ce?

AMSA

Malama, yaron gaskiya yake faɗa miki, kuma duka ba zai ƙara masa komai ba sai ɓoye wando. A mafi yawan yaran da suka wuce shekara 4 suna ɓata wando, dalilin shi ne maƙarƙashiya mai daɗewa. Yakan faro ne daga rana ɗaya da bayan gida mai tauri ya ji masa ciwo, ko daga ƙyamar ban-ɗakin makaranta, sai ya fara riƙewa. Yana riƙewa yana ƙara tauri, yana ƙara tauri yana ƙara tsoro, har ƙarshen hanjin ya buɗe ya daina aika saƙon cika. Ki lura ko yana yin bayan gida mai girman gaske jefi-jefi, ko yana tsayawa a kan yatsun ƙafa yana harɗe cinyoyi, wanda iyaye kan ɗauka yunƙuri ne alhali riƙewa ce.

Likitan yara zai fara da wanke abin da ya taru, sannan ya ɗora shi a kan maganin tausasa bayan gida na watanni, sau da yawa 6 ko fiye, domin hanjin da ya buɗe ba ya komawa daidai cikin mako guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne dakatar da maganin da zarar wando ya daina ɓaci. Ki riƙa zaunar da shi na minti 5 bayan kowane cin abinci, ƙafafunsa a kan abin takawa, ki yaba masa kan zaman ko bai yi komai ba. Ki sanar da likita idan tun yana jariri yake da wannan matsala, ko kashinsa na farko ya wuce awa 48 bayan haihuwa kafin ya fito, ko ƙafafunsa suna da rauni, ko ba ya girma yadda ya kamata.

TAMBAYA TA HUƊU

Likita, shekarata 47, ina da ciwon suga ina shan metformin, kuma an taɓa yi mini tiyatar basir. Bayan na gama zagayawa na yi tsarki, daga baya sai in ga ɗan tabo a kamfai, wani lokaci kuma gudawa ta tashe ni cikin dare. Zan iya jira in ga ko zai wuce da kansa?

AMSA

Malam, abubuwa uku ne suka haɗu a wurinka, kuma kowannensu zai iya zama sanadi. Metformin sananne ne wajen sakin ciki, amma kada ka daina shi da kanka. Likitanka zai iya rage shi, ko ya sauya maka zuwa nau'in da ke narkewa a hankali. Ciwon sugan da ya daɗe ba a daidaita shi ba yana lalata jijiyoyin hanji da na dubura, kuma gudawar dare tana daga cikin alamun hakan. Tiyatar basir kuma takan taɓa zoben ciki, wanda raunin sa ke kawo irin wannan tabo da ba a jin fitarsa. Ka riƙa ba kanka lokaci ka gama sosai ba tare da nishi ba, ka tsane wurin, sannan ka sa ɗan lanƙwasasshen auduga a bakin dubura don kare fata da tufafi. Garin psyllium da muka ambata a sama yana taimakawa a nan ma.

Game da jira kuwa, ba na ba ka shawarar haka, saboda gudawar da ke tashin mutum daga barci tana bukatar bincike. Idan akwai jini ko majina a bayan gida, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini, ko wani a danginka na kusa ya taɓa yin kansar hanji, ka nemi a duba babban hanjinka da na'urar kyamara ba tare da ɓata lokaci ba. Idan kuma wata rana riƙon ya gagara farat ɗaya tare da ciwon baya mai tsanani, da mutuwar fata a matse-matsi da kewayen dubura, da raunin ƙafafu ko kasa yin fitsari, wannan alama ce ta danne jijiyoyin ƙarshen laka, kuma ana bukatar ka isa asibitin da ke yin tiyatar ƙashin baya a cikin sa'o'i, ko da tsakar dare ne.